Malam Tamu Da Layin Da Ya Ƙi Gogewa

Kullum da hantsi Malam Isiyaku Tamu kan jingine kekensa a jikin ofishin ƙungiyarmu ta manoman albasa da ke Jega Magaji, ya kakkaɓe littattafai uku, ya feƙe fensir, ya ɗauko rula. Ran da zai je Aliero ko Maiyama, a buhun taki yake naɗe su saboda ruwa, ya shiga motar kasuwa yana rungume da su. Shekara goma sha bakwai yana haka. A watan nan zai ajiye aiki, ido ya gaza.

Kafin zuwansa rajistarmu littafi ɗaya ce, da Muhammadu goma sha ɗaya a ciki. Shi ya raba ta uku. Na farko na mutane: kowa da layinsa, da lambarsa, da sunan ubansa, da garinsa. Na biyu na filayen fadama, kowane fili da lambar mai shi. Na uku na iyali, kowane ɗa ko 'ya a ƙarƙashin lambar uba. Suna sau ɗaya ake rubuta shi, a sauran wurare lamba ce ke magana. Bara da aka kawo mana kwamfuta, ma'aikacin da ya zo daga Birnin Kebbi ya ce babu abin gyara, kwafewa kawai zai yi.

A da, in ɗan ƙungiya ya rasu, sai a goge sunansa a sa na wanda ya fi ƙarfi a gidan. Malam Tamu ya hana. Ni na fi kowa sanin haka, kuma da kunya nake faɗa.

Shekarar da aka ba mu Jihar Kebbi yayana Yari ya rasu, ya bar 'ya ɗaya, Bushira, mai shekara tara. Lambarsa saba'in da huɗu, filinsa na bakin ruwa. Bayan sadakar arba'in na shiga ofis, mutane cike, na ce wa Malam Tamu ya goge Yari ya sa ɗana Shamsuddeen.

"Ɗantani, ba ni shahe mamaci," in ji shi. "Sai dai in rubuta ya rasu. Ga ɗiyatai nan ga littahi na ukku."

Na ce, "Kai mai rula, da ba ka taɓa dasa albasa ko guda ba, takarda ta hi zumunta?"

Aka yi dariya. Bai ɗago ba, ya ci gaba da jan layinsa. Da aka zauna rabon gado liman ya nemi littafin, aka ba Bushira rabonta, ni ma aka ba ni nawa. Nawan halal ɗina ne, rashin ƙoshi ne ya kai ni neman duka. Shekara bakwai ban gai da Malam Tamu ba.

Ranin da ya wuce hawan jini ya kwantar da ni. Ina da 'ya'ya mata uku, ina kuma da ƙanne masu ƙarfi. Abin da na so yi wa Bushira ya hana ni sakat. Da na iya miƙewa na je wurin Malam, na kasa haɗa ido da shi. Bai tambaye ni komai ba. Ya buɗe littafi na uku, ya kanga shi dab da fuskarsa, ya karanta: Shamsuddeen, Zinatu, Fadila, Hadiza.

Hadiza a cikin shekarun gabar aka haife ta. Ban taɓa kai masa sunanta ba.

"Ran suna nij ji, nis sa ta," in ji shi. "Kwanta da hankalinka. Duk wanda yaz zo da irin maganakka, abin da kaj jiya shi za shi ji."

Malam, kai ne garkuwar marayan da bai san kana kare shi ba. Na zage ka a gaban jama'a, don haka a gaban jama'a nake roƙon gafararka. Na gode, Bushira ma ta gode, Allah Ya saka, Ya haskaka idon nan.

Wanda zai gaji kujerarsa, roƙona ɗaya. Ko a takarda ko a kwamfuta, in wani ya zo da ƙarfi ya ce a goge layi, a tsaya yadda Malam Tamu ya tsaya. Lambata ɗari da goma sha biyu. Akwai sunaye huɗu a ƙarƙashinta.