Malam Lawali da lambun da ya yi da hannu ɗaya

Da safiyar nan ina tashar Gazawa, mota ta cika saura in tayar, sai salulata ta yi ƙara. Balkisa ce, ɗiyar Malam Lawali. Ko gaisuwa ba ta tsaya yi ba. Ta ce, "Yaya Nasiru, Baba ya rasu."

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Na daɗe zaune riƙe da sitiyari, fasinja na ta magana ban san me suke cewa ba. Wani abokin aikina ya karɓi makulli ya tafi da su, ni kuma na shiga wata motar na kamo hanyar Gidan Rumji.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Malam Lawali shi ya koya mani tuƙi. Shekaru na yi ina karen motarshi a layin Maradi zuwa Gidan Rumji. Direbobi sun san yadda ake yi wa karen mota. Shi bai taɓa zagin iyayena ba, ko sau ɗaya. Bai taɓa sa hannu a kwano ba sai na zauna. Ranar da na je neman permi, takardar tuƙi, barin lodi ya yi ya zo ya tsaya bakin buro cikin rana har na fito.

Sai tansiyon, wato hawan jini, ta kayar da shi wata ranar kasuwa, yana tsaye jikin mota. Ya yi jinya a likita, ya dawo gida hannun dama da ƙafar dama sun shanye, magana ma sai an saurara da kyau. Mai mota ya karɓi abarshi. Gona kuma ƙanenshi ya ci gaba da nomawa.

Mu 'yan tasha ba mu yar da shi ba. Wannan ya kai tiyar hatsi, wancan ya kai sabulu. Amma duk zuwan da na yi sai in iske ya ƙara yin shiru. Mutumin da gidanshi ba ya rabo da baƙi ya koma zaune a zaure, aikinshi kawai ya ce ya gode. Daga baya ko ido ya daina ɗagawa. Matarshi Inna Saude ta faɗa mani cewa in ya ji sallamar wanda ya zo da kaya, juya fuska yake yi wajen bango ya yi kamar barci.

Gaskiya na ɗauka a haka za mu rasa shi tun lokacin.

Wata damina, a bayan ɗaki inda suka taɓa ɗaure awaki, guro ya fito da kanshi. Kuɓewa ke nan, ga abokaina na Najeriya. Wurin ya sha taki, ga ruwan wanke-wanke da Inna ke zubawa. Malam ya ja kujerarshi ya koma can yana kallo. Da na zo, ya ce in samo mashi fartanya in rage mata ƙota. Abin da ya fara roƙona ke nan da bakinshi tun da ya kwanta, har na rasa inda zan sa kaina don murna.

Da hannun hagu ya yi komai. Yana zaune ƙasa, ya yi noma iya inda hannu ya kai, ya ja jiki gaba. Abin da mai lafiya zai gama kafin hantsi, shi sai ya kwana nawa yana yi.

Damina ta zagayo, wurin ya zama lambu. Guro, yakuwa, rama, alayyafo, gauta, tonka. Kabewa ta haye danga har ta leƙa gidan maƙwabta. Tsofaffin tayoyin da nake cirewa duk shi nake kai mawa, ya cika su da ƙasa.

A cikin tayoyin nan ya shuka furanni. Balkisa ce ta kwaso mashi iri daga filin lakol ɗinsu, wato makaranta, ja, fari, da masu ruwan ɗorawa. Ba wanda ya san sunansu a gidan, shi ma bai damu ya sani ba. Wani abokinshi dattijo ya zo dubiya ya yi ta tsokanarshi, wai wurin da zai ɗauki tonka an ba abin da ba ya shiga tukunya. Malam ya yi dariya da gefen bakinshi mai lafiya, ya ce, "Ni da na ƙare ƙuruciyata ina wuce abubuwa da gudu, ka bar ni in zauna in ga abu yana buɗewa."

Kowace safiya sai ƙwarya cike da kayan lambu ta fita daga gidan nan. Yau gidan liman, gobe gidan wata gwauruwa da ke bayansu, jibi tasha. Inna ta taɓa cewa a riƙa kaiwa kasuwa ko a samu na gishiri. Ya ce ta raba biyu, rabi nata ta yi yadda ta ga dama, rabi kuma nashi ne, kada wanda ya tambaye shi inda ya kai.

Daga nan ya dawo Malam Lawalin da muka sani. In ka yi sallama, daga bayan ɗaki za ka ji yana cewa a shigo.

Juma'ar da ta wuce na biya wurinshi bayan an sauko daga masallaci. An sha ruwa kafin gari ya waye, ƙasa na ta ƙamshi, gero a gonakin bakin hanya ya kai ƙirjin mutum. Na iske shi a kujerarshi tsakanin tayoyin furanni, zuma na ta shawagi kanshi bai ko kore su ba.

Ya miƙo mani ƙwarya ya ce in shiga in tsinko guro. Na shiga da rigar Juma'ata, ƙaiƙayi ya kama mani hannuwa, shi kuma yana daga zaune yana ba ni oda kamar lokacin da nake koyon ribas. Wancan ya ƙosa, bar shi na iri ne. Duba ƙarƙashin ganye. Kada ka fizge, murɗa. Na cika ƙwarya, ya sa na ƙara da yakuwa da gauta.

Sai ya sa hannu ya tsinko furanni ja guda-guda, ya haɗa su a cinyarshi, ya ce in kai wa ƙaramar ɗiyata, tun da ita ce kawai a gidana ta san darajarsu.

Na zo mashi da 'yar shinkafa a leda. Na ajiye ina satar kallonshi, don na tuna yadda yake yi a da. Ya jawo ledar ya leƙa, ya ce Allah ya yi albarka. Sannan ya ce, "Nasiru, yanzu karɓa ba ta yi mani nauyi. Ni ma ina da abin miƙawa."

Da zan tafi ya nuna mani wata kabewa da ke rataye a danga, ya ce tawa ce, in ba ta ɗan lokaci.

Ban samu jana'iza ba. Ruwa ya riƙe mu a hanya, ko da na iso mutane na dawowa daga maƙabarta. Na shiga ciki gaida Inna Saude. Ta kama hannuna ta kai ni bayan ɗaki, ta nuna mani inda ta iske shi. Ta ce ya yi sallar asuba lafiya lau, gari na yin haske ya ja jiki ya shiga lambu kamar kullum. Da ta kawo mashi kunu, ta gan shi jingine da bango kamar mai hutawa, ƙwarya a gefenshi da guro ya kai rabi.

Ta ce tun jiya ya faɗa mata na yau na gidan wata maƙwabciyarsu ne da ta haihu cikin satin nan.

Na tambaye ta ina ƙwaryar take.

Ta ce, "Na aika masu, ɗana. Ai nasu ne."

A nan ne na kasa riƙe hawayena.

Ya Allah, ga bawanka Lawali ya zo gare ka. Ka yafe mashi, ka sa ciwon da ya sha ya zama kankarar zunubi. Ka yalwata kabarinshi, ka saukar da shi a lambunan Aljanna da hannuwanshi biyu da ƙafafunshi biyu lafiya lau. Ka ba Inna Saude da Balkisa da sauran iyali haƙuri.

'Yan uwa, ko ba ku san shi ba, don Allah ku tsaya ku karanta mashi Ƙulhuwallahu kafin ku wuce. Waɗanda kuma suka taɓa shiga motarshi ko suka ci miyar lambunshi, ku sa shi cikin addu'ar sallarku ta yau.

Allah ya jiƙanka, Maigida. In tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani.