Ruwan Da Ba A Rufe Masa Baki

Jama'a, ni ba mai dogon zance ba ce, kuma duk wanda ya san ni ya san ban iya ƙarya ba, don ko na fara ta sai in ƙosa in faɗi gaskiya in huta. Abin nan wallahi tallahi a gabana ya faru, da rana tsaka, ba mafarki ba ne, ba kuma an ce an ce ba. Wanda zai yarda ya yarda, wanda ba zai yarda ba ya wuce, ba zan bi shi da rantsuwa ba.

Shekarun baya, bayan na gama sakandare ina zaman jiran sakamako, na yi aiki a wani gidan kallon kifi a bakin garin Birnin Kudu. E, na san za ku ce ina teku ina Birnin Kudu, ni ma haka na ce. Mai wurin wani dattijo ne ɗan garinmu da ya ƙare ƙuruciyarsa yana aikin jirgin ruwa a Legas, da ya dawo gida kowa yana jira ya ga ya jera shaguna, shi kuwa sai ya gina dogon ɗaki ya jera tankunan gilashi, shi ya sa aka laƙaba masa Alhaji Mai Teku. Akwai kaguwa, akwai kififiya, akwai ƙananan kifaye masu zane kamar atamfa, akwai wani abu mai siffar tauraro da ba ya motsi har yara suna rantsuwa roba ce. Amma abin da ke kawo mutane shi ne babban tanki na ƙuryar ɗaki, inda kifin shak yake. Kada ku hango wannan dodon na talabijin, namu bai fi tsawon hannuna ba, sai dai in ya juyo ya kafe ka da ɗan idon nan nasa, da kanka za ka ja baya.

Aikina in ba su abinci, in goge gilashi, in zagaya da baƙi, in kuma yi ta faɗa, kuma faɗan ya fi yawa. Amare da angwaye su zo su tare hanya suna ɗaukar hoto, tsofaffi su tsaya gaban shak suna gardamar ko ya halatta a ci, har wani baba daga Kangire ya taɓa ce min, “'Yar nan, ai wannan tarwaɗa ce ta yi boko.” Su kuwa yara, Allah ya shirya, duk abin da ke hannunsu sai sun jefa masa, ƙuli-ƙuli, biskit, har silifa na taɓa tsamowa. Da na gaji na ce wa Alhaji ko a yi wa tankin murfi ko ya nemi wata. Ya ce dama shak yana tsalle, ranar da ya faɗo ƙasa ya mutu shi ma a fara haƙa masa kabari. Aka yi murfi mai nauyi, aka sa kwaɗo, abinci ta wani ɗan bututu nake zurawa, makulli kuma yana ɗaure a bakin zanina.

To ana saura kwanaki ƙaramar Sallah, cikin zafin nan da ko kaza ba ta fitowa, injin burtsatsenmu ya ƙone, ga ruwan babban tanki yana bukatar canji. Alhaji ya yi hayar motar ruwa, direban baƙo ne daga Kano, ya ɓace wuni guda ya dawo da mota cike. Ina jin sa yana ba Alhaji labari yana dariya, wai duk inda ya je ya ƙafe sai can bayan Gwaram ya samu wani gurbi mai zurfi a kogi, wai yana jan ruwa mata masu wanki suka taso suna ta ɗaga masa murya, shi kuwa ya rufe bakin tankinsa ya ja mota. “Rowar ruwa kawai,” in ji shi. Alhaji ya tace ruwan, ya haɗa shi da gishirinsa na musamman kamar yadda ya saba, muka zuba, na mayar da murfi na datse kwaɗo.

Ranar Sallah wurin ya cika maƙil, a nan na fara lura. Shak ɗin nan da ba ya zama wuri ɗaya, kullum yana kai da komo, sai ga shi ya maƙale a kusurwar hagu, shi da ƙananan kifayen da ke tankin duk sun cure wuri guda, ɓangaren dama kuwa fayau, kamar yadda ake matsawa a tabarma in babba ya zauna. Na ce zafi ne. Sai kuma na ga ƙananan yara, waɗanda ake riƙe wa hannu, ba shak suke kallo ba, wurin da babu komai suke kallo, wata har tana ɗaga hannu. Nan ma na ce yara ne, me suka sani.

Da la'asar yayata, Yaya Hauwa, ta zo da 'yarta Husna, lokacin ba ta shiga firamare ba, yarinya mai surutu kamar rediyo. Husna ta je ta manna goshi a gilashi ta yi shiru, shirun da ban taɓa ji daga gare ta ba. Na ce, “Ke, ɗaga min goshin nan, yanzu na goge.” Ta ɗago ta ce, “Anti, matar nan tana so ta fita.”

Na ce, “Wace mata? Kifi ne, namiji ma.”

Ta ce, “Ba shi ba. Waccan da ke zaune. Ta ce an rufe ta.”

Na daka mata tsawa, na ce wa Yaya Hauwa ta rage bar mata waya. Muka yi dariya, suka tafi.

Daga ranar Husna ta daina shan ruwa. Ba zazzaɓi, ba ciwon wuya, abinci ma tana ɗan taɓawa, amma ko kofi aka nufo ta da shi sai ta datse haƙora. Aka yi lallashi, aka yi faɗa, aka yi tofi, aka kai ta asibiti suka duba ba su ga komai ba, suka ƙara mata ruwa ta jijiya aka dawo gida, washegari ta koma yadda take. Ku tuna zafin da ake yi. Leɓɓanta suka tsattsage, idanu suka faɗa, yarinyar da ke hana mu jin labarai ta koma magana ɗaya tak: “Ba zan sha ba sai an buɗe mata.” Abin da ya fi tayar min da hankali, kuma wannan da hannuna na taɓa, kitsonta kullum a jiƙe yake, ba gumi ba, in ka kai hanci warin laka kake ji, irin na bakin kogi. Yaya Hauwa ta rasa inda za ta sa kanta, ni kuwa na ƙi haɗa abin da tanki, don in na haɗa me zan ce wa mutane?

Ana haka, ran kasuwa da hantsi, wasu mata masu tallan nono suka shigo kallo, cikinsu da wata tsohuwa doguwa siririya da suke kira Inna Dije, daga Maruta. Sauran suka bazu suna shewa gaban kaguwa, ita kuwa tana hango babban tanki ta tsaya cak, ta sauke ƙwaryarta, ta yi sallama. Ba mu ta yi wa ba. Ta kuma kasa kunne kamar mai jiran a amsa. Ni kuwa bakina bai mutu ba, na ce, “Inna, kifi ba ya amsa sallama.”

Ko kallona ba ta yi ba ta ce, “'Yar nan, ina kuka ɗebo ruwan nan?”

Na faɗa mata abin da na ji direba ya ce. Ta riƙe haɓa ta ce, “Kuma kuka rufe? Har da kwaɗo? Innalillahi.” Ta ce su tun suna yara, duk mai ɗiban ruwa a gurbin nan ba ya rufe masa baki, ko tulu ne ko bokiti, sai dai a tsinko ganye a ɗora a kai a bar shi a buɗe, don in wani abu ya biyo ruwan ya samu hanyar komawa. Ta ce baƙi suna ganin ganyen suna zaton don kada ruwa ya fantsama ne, ana ƙyale su da zatonsu. “Abin da matan can ke faɗa wa direbanku ke nan. Ba wanda ya kwanta ciwo a gidanku?”

Nan take na zaro waya na kira Alhaji, yana Kano neman injin burtsatse. Ya saurare ni har na gama ya ce, “Ke yarinya, na yi shekaru a kan teku ban ga aljani ba sai a kududdufin Gwaram? Kada ki taɓa min murfi. In kifin nan ya yi tsalle ba ni ba ke.” Na ce to, na kashe. Na kira Yaya Hauwa na ce ta goyo Husna ta hau babur yanzu yanzu, kada ta tambaye ni komai. Kifi dai kifi ne, ko daga Legas ya zo.

Kafin su iso Inna Dije ta tsinko ganyen darbejiya a ƙofar gida, ta sa aka wangale ƙofar ɗakin, ta ce kowa ya manne da bango a bar tsakiya, kada wanda ya gitta. Yaya Hauwa ta shigo da Husna a baya, kanta ya langaɓe. Na hau kujera ina karanta duk abin da ya zo bakina, na buɗe kwaɗon, mata biyu suka kama min muka ɗage murfin. Inna Dije ta miƙo ganyen na watsa a kan ruwa.

Da farko ba abin da ya faru, har na fara jin haushin kaina. Sai kumfar iskar da ɗan injin tankin ke hura wa kifaye ta tsaya, alhali ina jin ƙarar injin bai mutu ba, ruwan ya kwanta lumui. Ganyen nan da na watsa ko'ina suka fara tafiya a hankali, duk suka taru a bakin gilashi ta ɓangaren ƙofa, suka nutsa kaɗan kamar an dafa su da hannu, suka taso. Akwai layin jan fenti da Alhaji ya ja a jikin tanki, iyakar inda ruwa ke tsayawa, wallahi ina kallo ruwan ya sauka ƙasa da layin nan kamar faɗin tafin hannu, kuma ko ɗigo bai zuba a ƙasa ba. Wani sanyi mai warin laka ya wuce ta gefen fuskata. Husna ta ɗago kai daga bayan uwarta, ta bi tsakiyar ɗakin da ido a hankali, a hankali, tun daga tanki har bakin ƙofa, ta ɗaga hannu. A waje wasu awaki da ke kwance a inuwa suka zabura suka dare biyu, ba wanda ya kore su.

Sai muka ji 'yar murya a shaƙe ta ce, “Umma, ruwa.”

Yaya Hauwa ta zube a ƙasa tana kuka. Husna ta shanye ruwan leda biyu ta nemi ƙari. Da na waiwaya, kumfa ta dawo, shak yana zagaye tankinsa daga wannan bango zuwa wancan kamar ba a yi komai ba, ko yunƙurin tsalle bai yi ba. Inna Dije ta ɗauki ƙwaryarta ta ce rana tana yi, nononta zai tsinke. Ban sake ganin ta ba.

Alhaji ya dawo da yamma ya tarar da murfi a jingine da bango. Na tsaya ina jiran ya kore ni. Ya dubi layin fenti, ya ce tanki ne ke yoyo, ya durƙusa ya shafa siminti ta ko'ina, a bushe ƙamas. Ya daɗe a durƙushe. Bai kore ni ba, kuma kafin sati ya kira mai walda aka yi wa tankin murfin raga, kwaɗon kuma ban san inda ya jefa shi ba.

Ban ce muku ga abin da ke cikin ruwan nan ba, Allah kaɗai ya sani, ni abin da idona ya gani na faɗa. Husna yanzu ta girma, in an ba ta labarin dariya take yi ta ce ba ta tuna komai. Sai dai bara, muna cikin mota za mu biki garin Sara, muna hawa gada ta leƙa kogi ta ce, “Anti, ashe da nisa. A ƙasa ta tako duk wannan?” Na ce wa? Ta kalle ni kamar ni ce na yi maganar.

Don haka in kun je garin da ba naku ba, ku tambaya kafin ku zura guga. In kuka ga tsofaffin mata suna ɗaga muku murya a bakin ruwa, ku kashe mota ku ji me suke cewa. Ni dai har yau randar ɗakina ba ta kwana a rufe ruf, sai na ɗan zame faifan gefe.