Yadda Madam Ta Fassara 'Yar Fari

Shekarun da muke turara shinkafa a Kura, mun yi wata maƙwabciya 'yar Binuwai, wadda mijinta ya zo aikin ban ruwa a gonakin bakin kanal. Madam muke ce mata. Ta zo ba ta jin ko "zo in kashe ki", kuma girman kai ya hana ta tambaya. Dabararta ɗaya ce: in ta ji sabuwar kalma sai ta kafa ido ta ga abin da zai biyo baya. Ta ji an ce "ƙauri", ta ga mun ruga wajen tukunya, shi ke nan ta kama. Da kanta ta gano cewa in Bahaushiya ta ce "ina zuwa", to sai gobe. Mu kuwa ba ma gyara mata, don kuskurenta shi ne nishaɗinmu a bakin murhu.

Ana nan ta ji ana ce wa babbar 'yata "'yar fari". Sai ta sa mana ido. Ta ga ba na kiran sunan yarinyar, sai dai "ke". Ta ga in an yabe ta nakan kau da kai, ga ƙannenta kuma ina ta lallashi. A wurinmu kunya ce, haka uwata ta yi mini. Madam kuwa ta haɗa lissafinta, ta yanke cewa 'yar fari na nufin yarinyar da aka tsinta, ba mai so.

Daga ranar nan, sakwarar Madam ta fara tsallako katanga zuwa wurin 'yata. Ja'irar yarinyar ta gane kan zancen tsaf, in ta hango Madam sai ta langaɓe kai kamar kazar da ruwa ya daka. Na sha dariya a ɗaki, har nakan taya ta cin sakwarar.

Wata rana muna shanyar shinkafa, mata cike da fili, Madam ta zo riƙe da hannun yarinyar.

"Maman yara, ka ba ni wannan 'yar fari. Ni zan riƙe shi, tunda ba ya da mama."

Mata suka kwashe da dariya har da masu riƙe ciki. Ni ma na buɗe baki zan yi, sai na dubi yarinyar. Ba ta dariya. Ni take kallo, kuma wannan karon ba langaɓewar sakwara ba ce, amsa take jira. Raina ya ɓaci, da Madam, da matan, da ni kaina.

"Ke Madam, ni na haife ta!"

"Ahayye! Yau kunya ta ƙare a Kura," in ji wata tsohuwa.

Madam ba ta saki hannun ba. "In kai ne mamansa, kira sunansa."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na rufe fuska da gefen mayafi, na kira sunan a hankali, na sake kira da ƙarfi.

Yarinyar ta waiga hagu, ta waiga dama, tana neman wanda ya kira ta. Ba ta taɓa jin sunan nan da muryata ba.