Baƙon da ba mu gayyata ba

Shekarar da maigidana ya ce sai ya tara mutane gidanmu da Babbar Salla, ban yi murna ba, kuma ban ɓoye mishi ba. Zamanin Nasara ne, muna Sabon Birni. Shi fatauci yake yi zuwa ƙasar da Faransa ke mulka, can ƙetaren iyaka, ya kai atamfa da goro, ya komo da kanwa da gishiri bisa jakuna. Shekarar ta yi mishi kyau, ya so abokan tafiya su ci nama zaurenai.

Na ce, "Maigida, rago guda ya ishe mu layya. Mi za mu yi da biyu?"

Ya ce, "Na daɗe ina cin na mutane. Bana su ci nawa."

Aka sawo shinkafa kasuwar garin Isa, da man shanu wurin Fulani. Rumbun da muka ajiye don damina aka buɗe saboda fura. Akuyata ma ta tafi, da ita aka cika kuɗin rago na biyu, da alkawarin za a maida mini. Amma ba wannan ya fi damuna ba. Lokacin nan malaman haraji na yawo suna ƙiyasta abin da kowa ya mallaka, kuma ba duka suke gani da idonsu ba, akwai masu kai musu labari. Surukata, wadda muke kira Inna, ta ce hayaƙin gidanmu zai kai har Isa. Ɗanta ya yi dariya.

Ranar Salla aka yanka ragunan, aka kafa su gefen wuta. Washegari mutane suka cika zaure har ƙofar gida. Ina leƙe ta ramin zana ina duba ko akussa sun isa, sai na ga wani dogon mutum da farar riga tsaf, da takalmin kanti. Ban san shi ba. Ba ya cin abinci sosai, ba ya magana, sai kallon mutane ɗaya bayan ɗaya.

Da azahar ta yi ya nemi ruwan alwala, aka nuna mishi bayan zaure. Maimakon ya tsaya nan, ya ƙaro gaba har wurin rumbunanmu. Na gan shi ya ƙwanƙwasa guda da yatsa yana saurare. Da ya waiwayo muka haɗa ido.

"Barka da Salla, uwargida. Gero na ciki ko dawa?"

Na ce, "Ƙaiƙayi na."

Ya yi murmushi, ya koma.

Na aika aka kira maigida ciki. Na ce, "Wa ya zo da mai farar rigan ga?"

"Na ɗauka tare da mutanen Tsamaye yake."

Ya fita ya tambaya a hankali. Mutanen Tsamaye suka ce sun ɗauka baƙon gida ne. Ƙanen maigida kuwa ya ja shi gefe ya ce ya taɓa ganin mutumin zaune ƙofar ofishin hakimi a Isa. Maigida ya komo fuskarsa ta sake.

"Za ni ba shi cinya guda," in ji shi. "Wanda ya ci namanka yana jin nauyinka."

Inna ta ce, "In ɗan rahoto na, ka nuna mishi kana da abin kyauta ke nan."

Bai saurare ta ba. Aka naɗe cinyar da na so in soya mana da kaina, aka ba mutumin. Ya karɓa, ya yi doguwar addu'a, ya tafi, ba wanda ya tambayi sunansa.

Daga nan shagalin ya lalace. Maigida na zaune cikin baƙi yana duban kowa, har abokan da suka yi shekaru suna kwana tare bisa hanya. Bayan Salla ya kora jakunanmu wurin wani ɗan'uwa a Burkusuma don kada a ƙirga su. Guda ta ɓace can, ba a gan ta ba.

Da haraji ya zo, namu ya hau. Na maƙwabcinmu ma ya hau, shi da bai tara kowa ba. Wannan bai kwantar wa maigida hankali ba. Sai ya koma zargin ƙanensa: mi ya kai shi ƙofar ofishin hakimi har ya san masu zama wurin? Maganar ta kai kunnen ƙanen, ya daina shigo mana, Inna ta yi ta kai da komo tsakaninsu har ta gaji. Geronmu ya ƙare tun sabo bai nuna ba, muka koma awo kasuwa. Akuyata ba a maida mini ba.

Can da kaka na gamu da mutumin ranar kasuwa, tsaye wurin masu awon hatsi, ba ya saye, ba ya sayarwa. Ya gane ni.

"Uwargida, ina gajiya? Yaya mutanen gida?"

Na ce lafiya. Na ɗauki ƙwaryata, na bi ta wata hanya daban zuwa gida, kuma ban gaya wa maigida na gan shi ba.