Tarin 'Yata ta Fari da Shirun da Na Yi

Shekara arba'in da shida ke nan, amma har yau in moɗa ta faɗi a bakin randa sai gabana ya faɗi. Da wannan ƙarar aka fara. 'Yata ta fari ta je shan ruwa, tari ya sarƙe ta, moɗar ta kuɓuce mata. Shekarunta shida, 'yar aji ɗaya, kuma tana da ciwon fuka tun tana goye.

Lokacin muna Roni, a gidan surukaina, zamanin da arzikin mai ya cika gari da sababbin babura da rediyo. Mura ta ratsa ajinsu, ta kwaso ta. Ina jin ƙirjinta yana kuka kamar ana busa sarewa. Amma 'yar fari ce. Ba a faɗin sunanta, ba a nuna damuwa da ita gaban manya. Surukata, Allah ya jiƙanta, ta dafa citta da kanumfari, ta ce, "Mura ce, yarinya, wa ya taɓa zuwa asibiti don majina?" Na sunkuyar da kai. Ni da na yi sakandare! Kwana huɗu ina kunya. A na biyar aka ɗora ta a babur zuwa asibitin Kazaure, ba su kai ba ta cika.

Watan jiya na raka jikata Ummi wurin likita, ita ma fukar ce. Ya ce mura mai zafi tana da allurar rigakafi, ana sabunta ta duk shekara, musamman ga 'yan makaranta, tsofaffi da masu ciwon ƙirji, don su takan kayar. Ashe abin da muke kira "mura kawai" har rigakafi gare shi? Ɗana, uban Ummi, da ya kawo mu ya ce ba sai an yi mata ba, ni kuwa na kafe.

Na san kwana ba ya wuce lokacinsa. Amma neman magani ma umarni ne, ni kuwa shiru na yi. Da tana raye, da yanzu ita ma kaka ce. Me za ta ce in ta ga uwar da ta kasa cewa "a kai ta asibiti" tana gardama da ɗanta har sai da aka yi wa Ummi allurar?

Abin da ta bar mini ke nan: baki. Ba na ƙara shiru kan tarin yaro.

A hanyar gida Ummi ta ga ina share hawaye, na ba ta labarin. Sai ta ce:

"Hajiya, ni aka soka, ke kike kuka. To wai ya sunanta? Ban taɓa jin kin faɗa ba."