Albarushin da Na Jiƙa

Jiya a kasuwar Tudun Wada na wuce rumfar maƙera, warin albarushi ya buge ni, sai Baffa, mahaifinmu, ya faɗo mini a rai.

Shekarar da ruwan madatsar Tiga ya tashi ƙauyuka, birai suka addabi gonarmu ta gefen dajin Falgore, Baffa ya ce a sayi bindiga. Ni na nace sai mai baki biyu. Ƙanena Sale ya ce ta toka ta isa, tunda ko ta lalace maƙeri zai gyara. Baffa ya ɗauki ta tokar ya shinshina bakinta, kamar yadda yake yi wa kowane ƙarfe, ya ce, "Aikin bindigar gona kora ne, ba kisa ba." Ya miƙa wa Sale, ni babba ina tsaye.

Kullum na ga Sale ya rataya ta a kafaɗa, sai in kawar da kai. Da masara ta nuna, na zuba ruwa a ƙahon albarushinsa. Birai suka sauko, bindiga ta ƙi tashi, suka cinye rabin gona.

Baffa ya murza albarushin a yatsunsa, ya dube ni, sannan ya ce wa Sale, "Laifina ne, ɗana, kusa da randa na ajiye shi." Da rumbu ya yi ƙasa, shi ya riƙa rage tuwonsa. Har ya rasu ban buɗe baki ba.

Allah Ya haskaka kabarinsa, Ya rufa masa asiri kamar yadda ya rufa mini.