Littafin Ganyen da Ba Wanda Ya Taɓa Ara

Ina shekara ta uku da riƙe wani ɗan ɗakin karatu a gefen Karmo aka shigar da mu haɗaka. Ɗakin karatun na ƙungiyar unguwa ne, ɗaki ɗaya da baranda, kantoci shida da fanka guda wadda ƙararta ta fi iskarta yawa. Ni ce shugaba, ni ce mai shara, ni ce kuma mai korar awaki daga baranda.

Haɗakar ta ɗakunan karatun Abuja da kewaye ce, tun daga manya na ma'aikatu, inda sanyin na'ura ke sa mutum neman rigar sanyi da tsakar rana, har zuwa irin namu da wani ƙarami a Masaka. Manufar mai kyau ce, ban taɓa musu ba. An zuba sunayen littattafanmu duka a komfuta ɗaya, kowa yana ganin abin da ɗan'uwansa ya mallaka. Akwai mota guda da ke zagayawa ranar Laraba da littattafan aro, in Allah ya sa an samu mai. Sai kuma horaswa, wadda a nan ne aka fi ƙwarewa. Cikin shekara ɗaya na halarci taruka har na iya gane otal daga ɗanɗanon shayinsa. An koya mana yadda ake yi wa mai karatu murmushi, an nuna mana da majigi, an raba mana jaka da biro, muka dawo ɗakunanmu muka tarar babu wuta.

A lokacin ina da wani mai karatu da babu shi a komfutar kowa. Dattijo ne Bafulatani, rugarsu tana bayan duwatsu, tafiyar ƙafa mai ɗan nisa. Ina kiransa Baffa, shi kuma yana ce mini Malama. Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai ya shigo, ya jingine sandarsa a bakin ƙofa, ya nufi kanta ta huɗu kai tsaye. Akwai wani ƙaton littafi na Turanci a can, kan tsirran da ke kashe dabbobi, cike da hotuna masu launi. Baffa daga can arewa ya taso, ciyawar ƙasarsu ya santa kamar yadda ya san 'ya'yansa, amma ta nan Abuja baƙuwa ce gare shi. Sai ya riƙa cusa ganyayyaki a aljihu ya zo da su, ya shimfiɗa a gefen hoto yana gwadawa. In ya ga wanda ya yi kama, ya ce, "Malama, me suka ce a kan wannan?" Ni kuma in karanta in juya masa da Hausa.

Bai taɓa fita da littafin ba, domin ba shi da katin aro. Dokar haɗaka ta ce kafin a ba mutum kati sai ya kawo adireshi da takardar wuta. Ranar da na gaya masa haka, ya yi dariya har sai da ya riƙe gemu, ya ce wutarsu ta kara ce, ba ta zuwa da takarda.

Wata Laraba motar ta zo, maimakon littattafai sai ta sauke mana ƙwararriya. Wata Hajiya ce daga ɗakin karatun wata ma'aikata, da leshi mai tsada da tabarau rataye da sarƙa, mata biyu suna biye da ita da kwalaye. An turo ta ne ta taya ƙananan ɗakunan karatu tankaɗe da rairaya, kyauta, don wai mu ba mu da ƙwarewar yi da kanmu. Ta tsaya a tsakiyar ɗakin tana fifita da fayil.

"Ƙanwata, laburare ba sito ba ne," in ji ta. "Duk littafin da ya yi shekara biyar ba a ara ba, ya mutu. Sistem ne zai faɗa mana, ba son zuciya ba."

Sistem ɗin nan ba komai ba ne illa 'yar takardar da ake liƙawa a bangon bayan littafi, inda ake buga hatimin ranar dawowa. Mai hatimi ya tsira, marar hatimi ya faɗa kwali. Haka wani littafin koyon gyaran injin buga takardu ya tsallake, domin wani bawan Allah ya taɓa ararsa, ina kyautata zaton don ya tokare taga.

Da aka zo kanta ta huɗu gabana ya faɗi. Hajiya ta ciro littafin Baffa da hannu biyu, ta juya bayansa. Takardar fara tas, ko ɗigon tawada babu. Gefen shafukan kuwa ya yi baƙi da yatsu, gadon bayansa sau biyu ina ɗaure shi da salatif. Makaho ma in ya shafa zai san ana amfani da littafin nan. Ta girgiza shi, wani busasshen ganye ya faɗo ƙasa.

"Kin gani ko? Har ciyawa ta fara tsirowa a ciki."

Matan nan biyu suka kwashe da dariya. Ni ma na yi. Wannan dariyar har yau in na tuna ta sai in ji kunya ta rufe ni. Hajiya ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Akwai wata matsala?" Na ce, "Babu, ranki ya daɗe."

Dalilina ba ɓoyayye ba ne. A makon nan ake haɗa sunayen waɗanda haɗaka za ta tura kwas na wata guda, mai takardar shaida, irin takardar da ke fitar da mutum daga Karmo ta kai shi ofis mai sanyi. Hajiya tana cikin masu zaɓe. Na lissafa a raina cewa in na ce akwai wani makiyayi da ba shi da kati yana zuwa da ganye a aljihu, za ta gane shekara uku ke nan ina gudanar da wurin ba bisa tsari ba. Sai na gaya wa kaina ai littafi ne kawai, kuma ma'ajiyar haɗaka za a kai shi, ba wuta za a sa masa ba. Duk wanda zai yi rashin gaskiya ba ya rasa fatawa.

Sunana ya fito. Na tafi kwas, na rufe ɗakin karatun wata guda cur, na dawo da takarda mai zanen zinariya a gefe.

Juma'ar farko bayan dawowata Baffa ya shigo, damina ta riga ta sauka. Bai tsaya doguwar gaisuwa ba. Ya ce masu gina gidaje sun katange inda suka saba kiwo, dole suka koma wani kwari da ba su sani ba. Maruƙa biyu sun kumbura sun mutu a mako ɗaya, na uku yana kwance. Ya ciro ganye iri biyu daga aljihu, kamarsu ɗaya, sai dai furen wannan rawaya ne, na wancan shuɗi-shuɗi. Ya ce ya tuna akwai su duka a littafin, shafi yana kallon shafi, ɗaya guba ne ɗaya ba komai, amma ya manta wane ne wane. Ya nufi kanta ta huɗu, ya tsaya yana kallon gurbin.

Na ce masa an kai littafin gyara. Ƙarya ta biyu ba ta da wuyar fita kamar ta farko.

A ranar na cike fom ɗin aro tsakanin ɗakunan karatu, da lambar katina, na rubuta gaggawa da jan biro. Ihu bayan hari. Larabar farko babu mai. Ta biyu direba ya tafi biki. Na buga waya har wanda ke ɗauka ya fara gane muryata yana cewa, "Madam, oga bai zo ba tukuna." A ta uku amsa ta iso, cikin farin ciki ma aka rubuto ta. Wai littafin yana cikin waɗanda suka yi sa'a, an ɗauki hotonsa shafi-shafi an zuba a komfuta domin duniya duka ta amfana, shi kansa littafin kuma an ba masu sarrafa tsofaffin takardu. Yanzu ko daga Masaka, ko daga birnin Sin, kowa zai iya buɗe shi.

Na buɗe. Don kada ya cika musu wuri a na'ura, baƙi da fari suka ɗauke shi. Littafin da duk amfaninsa launi ne. Garin gyaran gira an tsone ido, kuma an rubuta a rahoto cewa an yi nasara.

Duk da haka na je shagon buga takardu na fitar da shafukan biyu, don ba ni da abin da zan miƙa masa sai su. Ranar Juma'a ya zo da sababbin ganye, ya ce na ukun ma ya tafi, yanzu wata karsana ce ta daina tuƙa. Na shimfiɗa takardun a tebur. Ya ɗora ganyensa a gefe kamar yadda ya saba, ya sunkuya. Hotuna biyu, duka toka-toka, furannin kamar an ɗiga tawada. Ya daɗe yana kallo, ya juya takardar ta baya ko akwai wani abu, ya sake juyo ta.

A nan na gaya masa gaskiya, cewa ba gyara aka kai shi ba, an kwashe shi ne saboda an ga ba wanda yake ara. Ya saurara bai katse ni ba. Bai yi fushi ba, da ma ya yi da na fi samun sauƙi. Ya tattara ganyensa ɗaya bayan ɗaya ya mayar aljihu, sannan ya ɗago.

"Su ba su san ni ba, Malama, ba laifinsu. Amma ke kina wurin ranar?"

Na ce ina wurin.

"To me kika ce musu?"